Ya Ba Ta, Ba Ɓata Ya Yi Ba

Kalma ɗaya ta karanta ba daidai ba a labaran ƙarfe bakwai na wata ranar Alhamis, kuma ni ne na kai mata takardar.

Ni direba ne a gidan talabijin. Shekara ashirin da biyu ke nan ina jan farar motarsu. Sha shida daga ciki, aikina na yamma shi ne in ɗauko ta a gida ƙarfe huɗu, in mayar da ita bayan labarai. Duk garin Ƙarfe Bakwai ake kiranta. Akwai tsofaffin da in sun hange ta a hanya da rana sai su duba agogo don tsokana. A gaban mutane ranki ya daɗe nake ce mata. In daga ni sai ita a mota, sai in ce Yaya, ko da yake wata uku kacal ta ba ni. Ita kuwa Birki take ce mini, wai ban iya tsayawa irin ta mutane ba.

Ba a kujera ta fara ba. Sanda na kama aiki 'yar rahoto ce, tana rataye da rikoda mai nauyin jariri. Na kai ta gobarar kasuwa. Na kai ta ƙofar kotu, inda ta yi awa biyar a rana don jin magana ɗaya daga bakin lauya, lauyan kuma ya fita ta ƙofar baya. Na kai ta unguwar da ruwa ya ci, ta tuɓe takalmi ta shiga har gwiwa, ni ina cikin mota ina ce mata ba ni zan kai gawarta gida ba. Daga nan aka ba ta labaran safe, wanda ba mai kallo sai marasa lafiya da masu gadi. Da tsohon mai karanta na bakwai ya yi ritaya aka ce ta riƙe na wata ɗaya kafin a samo namiji. Har yau ba a samo shi ba.

Tana da doka guda, kuma har mai shara ya san ta: ba ta karanta wa duniya abin da bakinta bai taɓa ba. Biyar da rabi za ta karɓi takardun daga hannun Edita, ta shige ɗan ɗakin kwalliya, ta tura ƙofa, ta karanta su da ƙarfi a gaban madubi da jan biro a hannu. Ba iyayi ba ne. Allon nan da ke gaban kyamara, wanda rubutu ke hawa a kai tana karantawa, tsohon kaya ne, bai san baƙaƙenmu masu ƙugiya ba. A wurinsa da ƙafa da kafa duk ɗaya ne, da ɗaga da daga duk ɗaya ne. Masu bugawa kuma sukan manne kalmomi biyu su zama ɗaya in sauri ya kama su. Don haka ita ke bi da bironta tana sa ƙugiya inda ta dace, tana raba abin da aka manne, sannan ta ajiye takardar a ƙarƙashin hannunta. Ido a allo, yatsa a takarda. Shekara sha shida ba a taɓa kama ta da kuskuren da ya kai a yi magana ba.

Yanzu ga yadda na shigo.

Yayan matata bakanike ne, kuma shi ne shugaban ƙungiyar kanikawan layin bayan tasha. Wani ɗan ƙungiyarsu mota ta zame daga kan jak ta danne shi, ya rasu ya bar mata da 'ya'ya huɗu a gidan haya. Kanikawa suka haɗa ƙarfi suka samo wa matar fili a bakin gari. Takardun filin aka damƙa wa shugaba, shi kuma ranar Talata ya je har gida ya ba ta, a gaban mutum biyu. Zaɓen ƙungiya saura wata ɗaya, yana so a ji ya yi abin kirki. Ban ga laifinsa ba. Ya rubuta layi uku a fallen takarda ya ba ni, ya ce, "Kai da kake cikinsu, ka sa a faɗa." Washegari ya tafi wani gari sayo kayan mota.

Na jefa takardar a aljihun mota na manta. Sai ranar Alhamis, bakwai saura kwata, matata ta kira ta ce duk gidansu sun zauna gaban talabijin, jiya ba su ji komai ba, yau kuwa tana so ta ga ko ni mutum ne a wurin aikin nan ko kuwa kujerar mota ce kawai ke girmama ni.

Na ruga wurin Edita. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Birki, nan gidan talabijin ne, ba bangon kasuwa ba. Gobe."

Na same ta a baranda, an riga an shafa mata hoda, an maƙala mata ɗan makirufo a wuyan riga.

"Yaya, don girman Allah. Layi uku ne. In bai fita yau ba, a mota zan kwana."

"Wato ka fi tsoron matarka da Edita."

"Edita ba ya dafa mini abinci."

Ta yi dariya har mai kwalliya ta yi tsaki ta ƙara mata hoda.

"Labarin mene ne?"

"Kanikawa sun ba matar mamaci fili."

"Abin alheri ne ai. Kai wa mai bugawa, ka ce in ji ni, ya sa a ƙarshe kafin wasanni."

Shi ke nan. Ba ta karɓi takardar ba, ba ta karanta wa madubi ba, jan bironta na cikin jaka. Saura minti tara. Mai bugawa ya buga da hannu ɗaya yana shan shayi da ɗayan.

A ɗakin mai gadi na kalla, a 'yar talabijin ɗinsa mai tsage a kusurwa. Abin da yayan matata yake nufi shi ne: shugaban ƙungiyar aka damƙa wa takardun filin, shi kuma tun ranar Talata ya ba ta. A allo kuwa kalmomin biyu na ƙarshe a manne suka hau, bata. Idonta ya saba, in ya ga irin wannan sai ya sa ƙugiya da kansa. Sai ta ce:

"Shugaban ƙungiyar aka damƙa wa takardun filin, shi kuma tun ranar Talata ya ɓata."

Da wata ce ta karanta, wata mai sauri da haɗiye kalmomi, da wataƙila ya wuce. Amma ita ta iya aikinta. Da ta ji abin da bakinta ya faɗa sai ta sassauta murya, ta ɗan yi shiru tana kallon kyamara, irin shirun da take yi in an ci amanar talaka. Duk garin ya san wannan shirun. Sannan ta ce, "Sai wasanni."

Mai gadi ya juyo ya kalle ni. "Ba surukinka ba ne wannan?"

Kafin a gama wasanni wayata ta yi ƙara sau shida. Kanikawa sun nufi garejinsa, sun tarar da kwado. Sun kira wayarsa, a kashe, yana kan hanya caji ya ƙare. To me kuma ya rage? Mutum ba ya nan tun Laraba, ga Ƙarfe Bakwai ta faɗa da bakinta. Suka wuce gidansa, suka fasa fitilar ƙofa, suka ɗauke injin waldarsa suka ce sai ya fito. Matarsa ta kulle kanta da yara a uwar ɗaka. Matar mamacin, wadda takardun ke ƙarƙashin katifarta, ba ta da talabijin. Sai da safe ta ji.

Na tare ta tana fitowa daga situdiyo tana cire makirufo.

"Yaya, ba ta ya yi. Ba ɓata ya yi ba."

"Wa?"

"Shugaban. Ya ba matar takardun. Ya, ba, ta."

Ta tsaya. Ta ce a kawo mata fallen. Ta karanta da ƙarfi sau ɗaya, ta sake karantawa. Ta ninke shi ta sa a jaka, ta ce, "Kai ni gida." Ranar ko birki ban taka da ƙarfi ba.

Da safiyar Juma'a yayan matata ya dawo gari, bai ko sauke kayan ba ya zo gidan talabijin da lauya. Ya same ni ina wanke mota.

"Kai, takarda na ba ka ko wuƙa?"

"Yaya, wallahi tsautsayi ne."

"Tsautsayin uwar wa? Shekara talatin ina kwance ƙarƙashin motocin mutane, ko ƙusa ba a taɓa cewa na ɗauka ba. Na ba ka ƙanwata, ka saka mini da wannan?"

Na ci gaba da wanke motar, don duk abin da zan faɗa ƙarin fetur ne.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka kira mu ofishin Manaja. Ɗaki ne mai sanyi kamar firji, da talabijin uku a bango duk an kashe musu murya. Manaja na zaune, Edita na zaune, ita na zaune. Ni a tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu, ba wanda ya ce in zauna.

Manaja mutum ne mai magana a hankali, kamar yana tsoron kalmomin su fashe. Ya ce ya yi magana da lauyan gida, kuma an sami mafita. Gidan nan bai yi kuskure ba. Takarda ce ta shigo daga waje, da rubutu mara kyau, ta hannun ma'aikacin da ba shi da hurumin kawo labari. Za a sallami wannan ma'aikacin ranar Litinin, a nuna wa kanikawa takardar sallamar. Gyara kuma za a sa shi a zaren rubutun nan da ke gudu a ƙasan allo lokacin wasanni. Ita kuwa kada ta ce komai. Duk wannan ya faɗe shi bai kalli inda nake ba ko sau ɗaya.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, kanikawa nawa ne za su tsaya karanta zare yana gudu?"

"Wannan ba matsalarmu ba ce."

"Da kunne suka ji. Da kunne za a gyara."

"In kika faɗa da bakinki cewa mun yi kuskure, kin miƙa musu shari'a a faranti. Lauyansu yana waje yana jiran wannan kalmar."

"Rubutun mutumin nan ba shi da laifi. Yana jakata. Ya ba ta ya rubuta, a rarrabe."

"To ki bar shi a jakar."

Edita ya duƙar da kai yana wasa da mukullinsa. Manaja ya cire tabarau ya goge.

"Ki saurare ni, 'yar'uwa. Ba yau aka fara yi mini maganar kujerar nan daga sama ba. Ana so a ga sabuwar fuska, kin sani, na sani. Ni nake tare miki. Yarinyar da ke labaran rana tun bara take ɗinka riguna. Kada ki sa in sauke hannuna."

Ta ce, "Na ji."

A nan ya kamata in ce wani abu. In ce a kore ni ɗin, ni na jawo, ko in ce kada a kore ni, ina da baki bakwai a gida. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na tsaya ina murza hula kamar ita ta yi mini laifi. Ba zan gyara wannan a rubuce ba, haka aka yi.

Ƙarfe huɗu na je ɗaukarta. Ta shigo ta zauna gaba, abin da ba ta saba ba.

"Bi da ni ta garejin surukinka."

"Yaya, wurin ba daɗi."

"Na tambaye ka daɗi?"

Layin bayan tasha kullum ƙarar guduma ce da rediyo, amma da farar motarmu ta shigo sai ƙarar ta ragu. An dawo masa da injin walda, an ajiye a ƙofa ba tare da ko sannu ba. Matar mamacin ta zo da safe da takardun a leda ta nuna wa duk wanda ya tsaya, amma mutum nawa ne suka tsaya? Yana zaune a benci shi kaɗai, ba mota ko ɗaya a gabansa. A jikin ƙofar garejin wani ya rubuta da gawayi, manya-manya: YA BATA.

Ta kalli rubutun ta ce a hankali, "Su ma ba su sa ƙugiyar ba."

Ta fita, ta tattare riga saboda baƙin mai, ta rusuna ta gaishe shi. Ta ce ita ce ta yi kuskure, ta zo ba shi haƙuri. Ya tashi tsaye, don mutum ne mai kunya duk da fushinsa, ya goge hannu a wando.

"Ranki ya daɗe, na gode da kika tako. Matata ma ba ta cin abinci sai kin gama labarai. Amma haƙurin nan mu uku ne muka ji shi. Wancan kuwa duk gari kika gaya wa."

Ta ce, "Gaskiya ne."

A hanya ta tambaye ni ko babbar 'yata ta gama makarantar koyon jinya. Na ce saura shekara ɗaya. Ta ce to. Ta shiga ɗakin kwalliya biyar da rabi kamar kullum, na ji muryarta ta ƙofa tana karanta wa madubi farashin taki da labarin gadar da za a gyara.

Ƙarfe bakwai ina ɗakin mai gadi. Ta yi sallama, ta karanta kanun labarai. Sai ta kife takardun a kan tebur. Daga baya mai kyamara ya gaya mini Edita na ta ihu a kunnenta ta 'yar wayar nan da suke sa musu. Mu dai abin da muka gani, ta sa yatsu biyu ta ciro ta, ta ajiye kusa da kofin ruwa.

Ta ce, "Kafin mu ci gaba. Jiya a nan na ce shugaban kanikawan layin bayan tasha ya ɓata da takardun filin matar abokin aikinsu. Ba haka ba ne. Ya ba ta takardun tun ranar Talata, a gaban shaidu biyu, kuma suna hannunta yanzu haka. Zan maimaita. Ba ɓata ya yi ba, ba ta ya yi. Abin da ya rubuto daidai yake. Wanda ya kawo takardar ba shi da laifi. Ni ce ban duba ba kafin in karanta, kuma dubawa aikina ne. Ina ba shi haƙuri, shi da iyalinsa."

Ta juya takardun, ta ci gaba da farashin taki.

Mai gadi ya ce, "Ka tsira, Birki." Na ce ya rufe mini baki.

Amma gaskiyarsa. Bayan ta faɗa wa duk gari cewa mai kawo takarda ba shi da laifi, ba yadda za a yi a nuna wa kanikawa takardar sallamata. Yayan matata ya sallami lauyansa washegari, ya ce shi dama sunansa yake nema. Zaɓen dai bai ci ba. Har yau a layin akwai masu cewa matsa mata aka yi ta janye, wai hayaƙi ba banza ba, kuma in ya juya baya yaran gareji sukan yi tari su ce "ya ɓata". Wata biyar bai amsa gaisuwata ba.

Ranar Litinin takarda ta fito, amma ba da sunana ba. Ba a kore ta ba, shekarunta sun yi yawa a kore ta haka kawai. An rubuta cewa ta karanta abin da ba a tantance ba, ta ƙi bin umarnin Edita a kan iska, don haka an mayar da ita sashen ajiya. Sashen ajiya ɗaki ne a ƙarƙashin bene, ba taga, fanka ɗaya, kantoci cike da tsofaffin kaset-kaset da ƙura. Mai aiki a can ba a aika masa mota. Ranar da yamma aka ba ni kwatancen gidan yarinyar labaran rana.

Sai da na yi mako guda kafin na iya sauka benen. Na same ta a kan kujerar roba, da tsumma a kafaɗa, tana goge kaset tana karanta abin da aka rubuta a bayansa, da ƙarfi, ita kaɗai.

"Yaya, na zo in yi godiya."

"Kada ka soma, Birki. Ba don kai na yi ba."

"To don wa?"

"Bakina ne ya zubar, ni zan share. Miƙo mini kwalin can."

Na miƙa mata.

"Yaya sabuwar taka?"

"Ba ta magana. Waya kawai take latsawa."

"Ka dinga taka mata birki a hankali, ba ta saba ba. Kuma in ta yarda, ka ce ta karanta da ƙarfi kafin ta shiga."

Na faɗa wa yarinyar. Ta ce ta gode, ta ci gaba da latsa waya.

Shekara uku da wata huɗu ta yi a ɗakin nan tana manna wa kaset-kaset suna. Da safe ta zo a motar haya, da yamma ta tsaya a bakin titi ta jira wata. Ranar da ta yi ritaya an tara mutum tara a ofishin Manaja, an sha lemo, an ba ta agogon bango. Ba a sa ko a zaren ƙasan allo ba. Ba ta ƙara fitowa a talabijin ba ko sau ɗaya.